Yadda Ake Ƙera Tsohon Kan Jirgi Mai Tururi Don Wasan Tuƙin Jirgin Ƙasa

Tun da Microsoft Train Simulator da Trainz suka fito a 2001, masu wasan tuƙa jirgin ƙasa a kwamfuta ba su tsaya jiran abin da kamfani zai ba su ba. Ɗimbin kawunan jirage da taragai da layukan dogo da ake tuƙawa a waɗannan wasanni, 'yan wasa ne suka ƙera su da hannunsu. A cikin duk abin da mutum zai ƙera kuwa, babu mai cin rai kamar kan jirgi mai tururi. Na dizal da na lantarki injinsu a rufe yake, ba mai ganin abin da ke gudana a ciki. Na tururi komai nasa a fili yake: rodi na kai da komo, hayaƙi na fita daidai da juyin taya, ƙararsa na canjawa da zarar direba ya taɓa hannu ɗaya. Ko ɗaya ya kauce, wanda ya san jirgi zai gane nan take.

Abin da ke kashe yawancin irin wannan aiki shi ne farawa da ado. Mutum ya shafe watanni yana jera ƙusoshi a jikin tukunya, sai ranar da zai shigar da shi wasa ya tarar tayoyin sun nutse cikin dogo, ko jirgin ya ƙi motsi. Tsarin da ke ƙasa ya juya abin: alƙaluma tukuna, sannan mummunan akwati mai tafiya, kyau ya zo daga baya.

Zaɓi wasa ɗaya

Kowane wasa da irin fayilolinsa, kuma abin da ka yi wa ɗaya ba ya shiga ɗaya sai da sabon aiki. Open Rails kyauta ne, yana karanta kayan tsohon Microsoft Train Simulator, kuma bayanan injin duk rubutu ne a fayil mai ƙarewa da .eng wanda za ka buɗe ka gyara. Trainz na kamfanin N3V Games yana da fayil ɗin config.txt, kuma kowane abu da lambar shaidarsa da ake kira KUID. Train Simulator Classic na Dovetail Games yana da manhajarsa ta cike bayanai, ana kuma rubuta masa ƙarin umarni da harshen Lua.

Ga mai farawa, ni Open Rails nake zaɓa. Hotonsa bai kai na sauran sheƙi ba, amma lissafinsa na tururi mai zurfi ne, kuma in abu ya lalace yana rubuta maka dalilin a fayil ɗin OpenRailsLog.txt. Misalan da ke nan nasa ne, amma tsarin aikin ɗaya ne a ko'ina. Sauran kayan aiki duk kyauta ne: Blender na ƙera jiki, GIMP ko Krita na fenti, Audacity na sauti, sai ƙaramar manhajar da ke fitar da aikin Blender zuwa irin fayil ɗin da wasan ke karantawa. Tabbatar wannan ƙaramar manhaja ta dace da Blender ɗin da ke kwamfutarka kafin ka ja layi ko ɗaya.

Kai ɗaya, lamba ɗaya, shekara ɗaya

Kada ka ce za ka ƙera "irin jirgi kaza". Ka ce lamba kaza, a shekara kaza. Ɗauki Black Five na kamfanin LMS a Birtaniya, wanda William Stanier ya tsara. An ƙera guda 842 tsakanin 1934 da 1951 a masana'antu daban-daban, kuma ba duka suke kama ɗaya ba. Na farko-farko tukunyarsu ba ta da tulluwa a sama, na baya suna da ita. Bawul shi ne abin da ke buɗe wa tururi hanyar shiga silinda da fita. Akwai 'yan kaɗan da aka saka wa tsarin bawul na Caprotti, akwai kuma lamba 44767 da aka yi wa na Stephenson a waje. Bayan gwamnati ta karɓe jiragen ƙasa a 1948 an ƙara 40000 a kan lambobinsu, 5000 ya koma 45000, fenti ya canja, tambarin da ke jikin taragon kwal ma ya sake canjawa a 1956. In ka haɗa tukunyar wannan da tambarin wancan, ka ƙera jirgin da bai taɓa taka dogo ba.

Black Five ya dace da aikin farko saboda silinda biyu ne kawai, duka a waje, kuma 18 daga cikinsu suna nan har yau, don haka hotuna da sautinsu ba sa wuyar samu. Kowa yana sha'awar Mallard, wanda ya yi gudun mil 126 a awa ranar 3 ga Yulin 1938, amma silindarsa uku ce, kuma jikinsa lanƙwashe-lanƙwashe ne masu wuyar kwaikwayo. Bar shi sai aiki na uku ko na huɗu.

Za ka ga ana rubuta 4-6-0 a gaban sunan Black Five. Tsarin ƙidayar Whyte ke nan: ƙananan tayoyi huɗu a gaba, manyan tayoyi shida masu ja, babu ko ɗaya a baya.

Tara takardu kafin ka buɗe Blender

Abu na farko da za ka nema shi ne babban zanen injiniya mai nuna jirgin ta gefe, ta gaba da ta sama, da awo a rubuce. Gidajen tarihin jiragen ƙasa, irin na birnin York a Ingila, suna ajiye irin waɗannan zane, ƙungiyoyin masu adana tsofaffin jirage ma haka. Ƙa'ida ɗaya: in awon da aka rubuta ya saɓa da abin da ka auna a jikin zanen, bi rubutun. Takarda tana miƙewa, na'urar ɗaukar hoto tana karkatar da layi.

Sai hotuna. Wanda aka ɗauka daga nesa, daidai gefen jirgi, ya fi na kusa amfani, don na kusa yana kumbura abin da ke gaba ya tsuke na baya. Nemi hoton saman tukunya da na bayan taragon kwal tun da wuri. Su ne masu ɗaukar hoto ba sa damuwa da su, alhali ɗan wasa daga sama yake yawan kallon jirgi.

Daga nan buɗe takarda ɗaya ka rubuta alƙaluman injin, kowanne da inda ka samo shi. Na Black Five: faɗin babbar taya inci 72, silinda biyu kowace faɗinta inci 18.5, tafiyar fistin inci 28, matsin tururi fam 225 a kan kowane murabba'in inci, taragon kwal mai ɗaukar tan 9 na kwal da galan 4,000 na ruwa. Tazarar dogo milimita 1,435. Ƙara da tazarar da ke tsakanin kowane gatari da na kusa da shi, nauyin da ke kan kowanne, faɗin ragar wuta da faɗin wurin da wuta ke dafa ruwa.

A kula da ma'auni, don nan ake yawan faɗawa rami. Galan na Birtaniya lita 4.546 ne, na Amurka lita 3.785. Tan na Birtaniya fam 2,240 ne, na Amurka fam 2,000. In ka ɗauki galan 4,000 a matsayin na Amurka, ka zubar da sama da lita dubu uku tun jirgin bai tashi ba.

Akwatin gwaji

A Blender, sa ma'auni a mita. Sa tsakiyar duniyar aikinka ta zama tsakiyar jirgin, a daidai saman dogo, yadda duk abin da ke ƙasa da sifiri ya zama yana cikin ƙarfen dogo ne. Yi dogon akwati mai tsawo da faɗi da tsayin jirgin. Yi tayoyi goma marasa ado, kowace a inda zane ya ce, tsakiyar juyawarta a tsakiyar gatari daidai. Babbar taya rabin faɗinta mita 0.9144 ne, don haka tsayin gatarinta daga dogo ke nan.

Sa musu sunayen da wasan ya sani. Open Rails yana gane abin da zai juya ne ta suna, irin masu farawa da WHEELS da BOGIE da ROD. Harafi ɗaya ya kuskure, taya ta tsaya cak jirgi na tafiya. Hanya mafi sauƙi ita ce ka duba wani kan jirgi mai tururi da ke aiki lafiya a wasan, ka ga yadda aka jera sunayensa da abin da ke rataye a jikin wane.

Fitar da wannan akwati, ara fayil ɗin .eng na wani jirgi don gwaji kawai, ka ɗora shi a dogo. Duba abu huɗu: tayoyi sun zauna a kan dogo, gaba yana gaba, girmansa ya yi daidai da taragon da ke kusa, kuma yana haɗuwa da tarago ba tare da ya shige cikinsa ko ya bar gibi ba. Kada ka wuce nan sai huɗun sun daidaita. Daga yanzu, duk abin da ka ƙara, sake fitarwa ka gani a wasa a ranar.

Gina jiki

Fara daga ƙasa: firam, wato ƙashin ƙarfen da ke ɗauke da jirgin, silinda, dandamalin da ke gefen tukunya, tukunya, akwatin hayaƙi da bututunsa, ɗakin direba, sannan taragon kwal a matsayin fayil dabam. Tukunyar Black Five ba miƙaƙƙen bututu ba ce, tana ƙara kauri yayin da ta nufi baya, kuma akwatin wutarta mai kafaɗu ne, samansa a baje. Wannan siffa ita ce fuskar jirgin. In ka same ta, ko ba ƙusa ɗaya za a gane shi.

Wasa yana zana komai ne da ƙananan alwatika, kuma yawansu shi ke nauyaya kwamfuta. Kashe su inda ido ke ganin da'ira babba: tukunya, bakin bututun hayaƙi, gefen taya. Siririn bututun da bai fi yatsa ba, gefe shida ya ishe shi. Ƙusoshi kuwa a fenti ake yin su, sai dai 'yan manyan da ke kusa da idon direba. Goge duk fuskar da ba za a taɓa gani ba. Yi wa jirgin kwafi biyu ko uku masu raguwar ado, waɗanda wasan zai riƙa nunawa in jirgin ya yi nisa, don ba amfanin zana hannun famfo a jirgin da ke rabin kilomita.

Kada ka manta da nauyin daidaito da ke jikin manyan tayoyi, wato ƙarfen nan mai kamar jinjirin wata. Girmansa ba ɗaya ba ne a dukkan tayoyin. Duba hoto ka bi.

Rodi da bawul: inda aikin yake

Nan za ka daɗe, kuma ya cancanta. Tsarin bawul na yawancin Black Five shi ne wanda Egide Walschaerts ɗan Beljiyam ya ƙirƙiro a 1844. Kafin ka motsa komai, fahimci wa ke tura wa.

Fistin yana kai da komo a cikin silinda. Sandarsa tana riƙe da wani dunƙulen ƙarfe mai zamiya a kan miƙaƙƙun sanduna. Daga wannan dunƙule babban rodi ya tafi zuwa fil ɗin da ke jikin taya ta tsakiya. Wani rodin kuma ya haɗa filolin manyan tayoyi uku don su juya tare. Nisan fil daga tsakiyar gatari rabin tafiyar fistin ne: inci 14, wato milimita 355.6. In ka sa shi ba daidai ba, fistin zai fasa murfin silinda ya fito, ko ya tsaya a rabin hanya.

Sashe na biyu shi ne mai motsa bawul. A kan fil ɗin tayar tsakiya akwai ƙaramin hannu da ke komawa wajen tsakiya, bakinsa yana kusan digiri 90 daga babban fil. Shi ke jan wani siririn rodi, wanda ke kaɗa lanƙwasasshen ƙarfe mai tsaga, gaba da baya. A cikin tsagar akwai ɗan dunƙule da ke riƙe da rodin da ya nufi bawul. Direba yana ɗaga wannan rodi ko ya sauke shi: rabi ɗaya na tsagar tafiya gaba ne, ɗaya rabin baya, kuma kusantar tsakiya yana rage tsawon lokacin da tururi ke shiga silinda. A ƙarshe akwai tsayayyen hannu a bayan silinda da ke haɗa wannan motsi da na dunƙulen fistin, ya miƙa wa bawul.

Kada ka motsa waɗannan da hannu ɗaya bayan ɗaya. Yi amfani da ƙa'idojin ɗaure abu da abu na Blender. Ɗaura alama a fil ɗin taya ta riƙa juyawa da ita. Rodin da ya haɗa tayoyi ya bi wurin alamar kawai, kada ya juya, don shi zagaye yake yi yana kwance. Dunƙulen fistin a hana shi motsi sai gaba da baya. Babban rodi ya kafa gindinsa a fil, kansa na kallon dunƙulen. In ka gama ɗaurin, taya kaɗai za ka juya, sauran su bi. Sannan ka umarci Blender ya mayar da motsin zuwa jerin firam tabbatattu, wato matakan motsi ɗaya bayan ɗaya kamar na fim, don wasa bai san ɗaurin Blender ba, firam kawai yake karantawa.

Yawan firam yana da muhimmanci. Tsakanin firam biyu, wasa yana tafiyar da rodi a miƙe ne, alhali fil ɗin yana bin da'ira. In ka raba juyi ɗaya gida 8, rodin zai kauce wa fil ɗin da kusan milimita 27 a tsakiyar kowane gida, kuma ana gani in jirgi na tafiya a hankali. In ka raba 16, kaucewar ta koma ƙasa da milimita 7, ido ba ya kamawa. Sa saurin motsin ya zama bai ɗaya daga firam na farko zuwa na ƙarshe. Blender da kansa yakan sassauta farko da ƙarshe, sai ka ga taya tana ɗingishi a kowane juyi.

Gefe na biyu ba madubin na farko ba ne. Filolin gefe ɗaya suna gaban na ɗaya gefen da digiri 90. An yi haka ne don kada fistin biyu su tsaya a ƙarshen tafiyarsu lokaci guda jirgi ya kasa tashi. Duba hotuna ka tabbatar wane gefe ke gaba a jirgin da ka zaɓa.

Fenti

Shimfiɗa fuskokin jirgin a kan hoto mai murabba'i, 2048 ko 4096 kowane gefe, ka ba lamba da tambari da ɗakin direba wuri mai yawa, ƙarƙashin firam kaɗan. Sa Blender ya lissafa inuwar lunguna ya zuba a hoton. Baƙin jirgi kada ka yi shi baƙi ƙirin, don duk siffarsa za ta ɓace. Yi shi toka mai duhu. Datti kuma yana da dalili: toka-toka a saman tukunya inda hayaƙi ke sauka, farin zane inda ruwa ke ɗiga, maiƙo a rodi, tsatsa kusa da birki. Akwatin hayaƙi ba ya sheƙi kamar tukunya saboda zafi. Jirgin 1936 da na 1967 ba dattinsu ɗaya ba, don a shekarun ƙarshe kafin a daina aiki da tururi a manyan layukan Birtaniya a Agustan 1968, da yawansu ba mai wanke su.

Alƙaluman da ke ba shi rai

Yanzu ajiye aron .eng ka rubuta naka. Shigar da yawan silinda, faɗinsu, tafiyar fistin, matsin tukunya, ragar wuta, wurin dafa ruwa da nauyin da ke kan tayoyin ja. Rubuta ma'auni a gaban kowace lamba, kada ka bar wasa ya yi zato.

Kafin ka kunna wasan, yi wannan lissafi da kanka. Ƙarfin ja na jirgi mai silinda biyu shi ne 0.85 sau matsin tukunya, sau faɗin silinda sau kansa, sau tafiyar fistin, a raba da faɗin taya. Na Black Five: 18.5 sau 18.5 ya ba da 342.25. Sau 28, 9,583. A raba da 72, 133.1. Sai 0.85 sau 225, wato 191.25. Yi 133.1 sau 191.25 ka sami fam 25,455, adadin da ke cikin takardun jirgin. In shafin bayanan wasan ya nuna maka kusan rabin wannan, je ka duba gurbin WheelRadius a fayil ɗin .eng. Rabin faɗin taya yake nema, kai kuma ka ba shi faɗin gaba ɗaya.

Ƙarfi dabam, riƙon dogo dabam. Injiniyoyi suna so nauyin da ke kan tayoyin ja ya kai kusan ninki huɗu na ƙarfin ja, in ba haka ba taya ta riƙa sulɓi. Don haka kada ka saka nauyin jirgin duka a wannan gurbi, ƙananan tayoyin gaba suna ɗauke da nasu kaso. Jirgin da ba ya taɓa sulɓi ko an buɗe masa tururi duka a kan jiƙaƙƙen dogo, ƙarya yake yi.

Sai tukunya, wadda ita ce ainihin iyakar ƙarfin jirgi in ya ɗauki gudu. Ga halayen da dole ka gani. In aka tashi ana barin tururi ya shiga silinda har kusan kashi 75 cikin ɗari na tafiyar fistin, amma in aka ci gaba da gudu a haka matsin tukunya zai faɗi. Direba yana ragewa zuwa kashi 15 ko 25, tururin ya ƙarasa turin da kumburinsa. Tururin da ya fita ta bututun hayaƙi shi ke jan iska ta cikin wuta, don haka jirgi yana ƙara aiki wuta tana ƙara ci. An rufe tururi, jan ya mutu, sai an buɗe ɗan bututun da ke hura wa wuta, wanda aikinsa na zugazugin maƙeri ne. An kunna injekta don ƙara ruwa, allurar matsi ta ɗan sauka saboda ruwan bai kai na ciki zafi ba.

Gwada ci da sha ma. Kilo ɗaya na kwal mai kyau yana dafa wajen kilo shida zuwa takwas na ruwa. Taragon Black Five yana ɗauke da ruwa kusan tan 18, wanda bai buƙaci ko rabin kwal ɗin da ke kansa ba. Ke nan ruwa ne ke fara ƙarewa, da nisa. In a wasanka kwal ya riga ruwa ƙarewa, akwai lambar da ta karkace. Haka kuma mutum ɗaya da shebur ba ya wuce zuba wajen fam 3,000 a awa in aikin zai ɗore. In jirginka sai an ba shi ninkin haka yake riƙe matsi, koma ka duba ragar wuta da wurin dafa ruwa.

Birkin da Black Five ke taka wa taragai na jan iska ne, wato vacuum, kuma gejinsa inci 21 yake nunawa in an saki birki. Jiragen kamfanin Great Western 25 suke amfani da shi, don haka a kula in an ari fayil daga can.

Ɗakin direba

Nan ɗan wasa zai zauna awa da awanni, don haka kada ka yi masa rowa. Fara da abin da ake tuƙi da shi: hannun buɗe tururi, abin murɗa gaba da baya, birki, injekta biyu, ƙofar wuta, ƙofofin iska na ƙasa, famfon zubar da ruwan silinda, yashi da usur. Kowane hannu tsakiyar juyawarsa ta zauna a kan ƙusarsa. Geji kuwa a gwada shi a wuri uku, sifiri da tsakiya da ƙarshe, a ga allura ta faɗa kan lambar da ta dace. Gilashin ruwa ya fito sarai, don shi ne abin da mai wuta ya fi kallo: in ruwa ya sauka ƙasa da rufin akwatin wuta, toshiyar darma da aka sa a rufin don tsaro ta narke, tafiya ta ƙare. Ajiye idon ɗan wasa a inda kan direba yake na gaskiya, ko da tukunya ta tare rabin hanya. Haka direbobin suka gani.

Sauti da hayaƙi

Jirgi mai silinda biyu yana huci sau huɗu a kowane juyin taya, mai uku sau shida. Tayar Black Five tana cin mita 5.75 a juyi ɗaya. A gudun kilomita 20 a awa ke nan huci kusan huɗu a daƙiƙa, kowanne ana jinsa dabam. A kilomita 100 ya kai kusan goma sha tara, kunne ba ya rarrabewa, ruri ɗaya ake ji. Saboda haka sauti iri biyu za ka shirya. Na ƙaramin gudu, yanka huci ɗaya-ɗaya, aƙalla huɗu mabambanta don kada ya zama kamar bugun agogo, a ɗaura su da juyin taya. Na babban gudu, yi dogayen sautuka masu maimaita kansu, kowanne da zangon gudunsa, suna miƙa wa juna a hankali. A Audacity, yanka su a inda igiyar sauti ta ratsa sifiri, in ba haka ba za a riƙa jin ƙas a kowane zagaye.

Ƙarfin hucin ya bi yawan tururin da ke shiga, ba gudu kaɗai ba. Jirgin da ke gangara an rufe masa tururi ba ya huci sam, ƙarar rodi da ta dogo kawai ake ji. Sabbin masu ƙira sun fi mantawa da wannan, kuma kunne ya fi saurin kama shi. Raba sautin ciki da na waje: a ɗakin direba ƙarar shebur da injekta da kwaramniyar ƙarfe sun fi huci tashi. In za ka naɗi sauti a wurin masu adana tsofaffin jirage, nemi izini, ka kuma rufe makirufo da abin tare iska.

Wuraren fitar hayaƙi da tururi su ne bututun sama, bawul ɗin tsaro, usur, famfunan silinda da ƙasan injekta. Auna kowanne daga Blender ka kwafe lambobin. Fari tururi ne, baƙi kuwa kwal ne da bai ƙone sosai ba, wanda ke fitowa bayan an zuba sabo ko iska ta yi kaɗan. Jirgin da ke tafe da baƙin hayaƙi ba yankewa, mai wutarsa bai iya aiki ba.

Gwaji da rabawa

Gwada shi shi kaɗai, sannan da taragai kaɗan, sannan da cikakken kaya, a fili da kan tudu. Hawan Shap a arewacin Ingila, inda dogo ke tashi ɗaya cikin 75 na wajen mil huɗu, wuri ne da Black Five suka yi aiki, kuma akwai rubutattun bayanan tafiye-tafiye na wancan zamani da za ka gwada naka da su. In naka ya haye da gudun da na gaske bai taɓa yi ba, duba nauyin taragai da juriyar da suke yi wa ja kafin ka taɓa injin. Canja lamba ɗaya a lokaci guda, ka rubuta abin da ka canja da abin da ya biyo baya.

Ba wa mutum biyu ko uku su tuƙa ba tare da ka yi musu bayani ba, ka saurari inda suka maƙale. Duk abin da ka ara, sauti ne ko ɗakin direba ko rubutun umarni, sai da izinin mai shi a rubuce, kuma sunansa ya fito a takardar bayani. Zanen gidan tarihi da tambarin kamfani ma suna iya zama da haƙƙin mallaka, musamman in sayarwa za ka yi. Takardar bayanin ta faɗi lambar jirgin da shekarar da ka kwaikwaya, wasan da ya dace da shi, foldar da za a zuba shi, abin da sai an sauke dabam, yadda ake tayar da shi, da abin da ka yarda a yi da aikinka, kamar sake fenti. Kafin ka ɗora shi a intanet, zuba ƙunshin a sabon wasa wanda babu komai naka a ciki. Fayil ɗin da ke zaune a kwamfutarka kaɗai, wanda ka manta ba ka saka ba, a nan zai bayyana.